Kada Ka Ɗauki Lodi Sai Sale Ya Zauna a Gaba

Kwatarkwashi.

Zuwa ga ɗana Sanusi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya raba ka da mugun ƙarfe da mugun mutum, Ya kai ka inda ka nufa Ya maido ka da ƙafafunka. Innarka na gaishe ka. Ba ta san abin da ke cikin takardar nan ba, kuma ba sai ka karanta mata ba.

Yayarka Rabi ke rubutawa, ni ke faɗa. Ka san ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba anka tura ni bin mota. Na ce mata kada ta gyara mani magana. In ka ga wani wuri ya yi santsi kamar na masu labarai a rediyo, hannunta ne. Na zaɓi takarda don in na zaunar da kai, sai ka sunkuyar da kai kana "to Baba, to Baba," hannunka na cikin aljihu yana shafa waya.

Jibi za ka Gusau ka karɓi motar hayar da Alhaji Bawa mai sayar da motoci ya ce ya ba ka, ka riƙa ja tsakanin Gusau da Tsafe. Kowa a gidan nan murna yake yi. Ba wanda ya shawarce ni, sai da anka gama magana anka zo ana gaya mani kamar wani maƙwabci. Ni da na tsufa a kan sitiyari. Ba zan hana ka ba, na san gonarmu ta bayan dutse ba ta shiguwa, kuma namiji ba ya zama a zaure yana ƙirga masu wucewa. Abin da ya tsaya mani a wuya sharaɗin da ya kafa ne, wai duk gyara da juyen mai a garejinsa za a yi, wanda ke bayan filin motocinsa.

A zamaninmu in mota ta mutu a hanya, sai ka shimfiɗa buzu ƙarƙashin itace, Fulani su kawo maka nono, ka jira mai taimako. Yanzu ka san su wa ke fitowa daga daji in mota ta mutu tsakanin nan da Tsafe. Wanda ke sa hannu cikin injinka, ranka ne a hannunsa. Don haka ka zauna ka karanta, ko ba ka so.

Farkon abin da ya cuce ni idona ne. Sa'ad da na bar karen mota na zama direba, na tara abin da na tara, na shiga Gusau neman a-kori-kura ta kaina don in riƙa ɗauko hatsi daga Magami. Wani dillali ya kai ni filinsa. An share wuri tsaf, ga allo babba a ƙofa, ma'aikata sanye da riga iri ɗaya. Ya ɗaga mani bonet, inji na ƙyalli kamar kwanon jere. Ya ce, "Malam Ummaru, wagga mota wata Hajiya ce ke zuwa asibiti da ita." A-kori-kura fa! Ni kuma na haɗiye, har ina godiya.

Ashe tun da safe sunka wanke injin don kada a ga inda baƙin mai ke tsatsa, sunka tayar da ita ta yi ɗumi kafin in iso. Ba ta rufa wata ba ta zauna da ni a hanyar Magami cikin damina, da dawar mutane a baya. Ruwa ya same mu, dawa ta jiƙe, na sha zagin da ban taɓa sha ba. Na mayar da ita garejin wanda ya sayar mani. A gyara wannan, wancan ya tashi. A gyara wancan, wannan ya dawo. Sai daga baya na gane ba za su taɓa gaya mani ainihin ciwonta ba, don faɗinsa tona asirin maigidansu ne.

To ka riƙe wannan. Ka je ganin mota da sanyin safiya, kafin kowa ya taɓa ta. Ka durƙusa ka duba ƙasan da ta kwana a kai. Injin da anka wanke, ka tambayi mi anka wanke. Kuma wanda ya sayar maka da mota ba shi ne zai gaya maka gaskiyar lafiyarta ba, ko da a sahun gaba yake sallah.

Wani direba ne ya ga wahalata ya ce in kai ta Bungudu wurin Sale Na-Rawayya. Ka taɓa jin sunan a gidan nan, amma tare da tsaki. Ƙarƙashin wata darbejiya yake aiki a bayan tasha, ba allo, ba benci, ba sannu da zuwa. Ban taɓa ganin mai baƙar magana irinsa ba. Ya saurari injin kaɗan ya ce, "Wa ya sayar maka da gawa?" Amma ya tayar da gawar, na daɗe ina cin abinci da ita.

Yana da wata ɗabi'a. In ya gama gyara, sai ya kwaso tsofaffin kayan da ya cire ya watsa maka a bayan mota, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. Sannan ya goge hannu a wando, ya buɗe ƙofar gaba ya zauna ya ce, "Ja mu tai." Sai kun kai bakin Gusau kun juyo, shi ya karkatar da kai yana sauraren inji. Na taɓa ce masa, "Sale, wanga yawo na mine ne, man fetur ɗina kake ƙonawa." Ya ce, "In na yi maka ƙarya, mu mutu tare."

Abin da ya raba mu birki ne. Ana gobe kasuwa, na riga na yi wa masu hatsi alkawari, na ce masa, "Ka ɗan lallaɓa mani shi, in na dawo a yi gyaran gaske." Sai ya zare makulli ya jefa aljihu. Ya ce, "Ba ni lallaɓa birki. In lallaɓa kake so, tai gida ka lallaɓi matarka." Gaban direbobi, Sanusi. Sunka kwashe da dariya. Bai tsaya nan ba, ya ce, "Kai ke kashe motar ga da kanka. Kana ɗora mata kayan tirela, ƙafarka bisa kuloci kamar an ɗaure ta da igiya, sannan ka zo kana yi mani fuskar marayu." Ya riƙe motar har kasuwa ta ci ta watse. Masu hatsina sunka koma wurin wani, wasu ba su sake dawowa ba. Ran da na karɓi makullina na rantse ko iskar taya ba zai sake sa mani ba. Har yau ina nan kan bakana cewa bai kyauta ba. Ana iya gaya wa mutum gaskiya ba a tuɓe masa wando a tasha ba.

Amma ka ji abin da zan ce, sau ɗaya zan faɗa. Kalmar nan ta "lallaɓa" ta kashe direbobi fiye da gudu. Mu ke roƙonta da bakinmu, don muna ganin fasinja na wucewa. Bakaniken da ka ce wa ya lallaɓa ya ce to, ka ɗauke motarka ka gudu, ko da tura ta za ka yi. Wanda ya ƙi, ya ɓata maka rai, ya sa ka yi asarar yini, ka riƙe shi.

Yanzu na zo inda ba na son zuwa. Rabi ta ajiye biro, na ce ta ɗauka.

Kana makarantar kwana lokacin, abin da ka sani shi ne abin da anka gaya maka. Yayanka, ɗana na fari, ka san ba na kiran sunansa, haka munka tarar iyayenmu na yi. Ko magana mai tsawo ba ta haɗa mu, sai dai in aika Innarka ko in yi gyaran murya. Da ya auri Dije 'yar Alhaji Bawa, na ɗauka mun huta da neman bakanike. Surukinka na da gareji, ina kuma za ka kai mota? Kai ta wani wuri ma cin fuska ne. To amma ka san yadda ake da suruki. Ba ka tsaya masa a ka yana aiki. Ba ka ce masa nuna mani abin da ka cire. Ku gaisa a durƙushe, kowa na kallon ƙasa, ka koma gefe ka jira a ce an gama.

Motar hayar da yayanka ke ja ta fara shaƙewa in ta yi zafi. Na saurara na ce wa Innarka ta gaya masa famfon mai ne, a sake sabo. Na san famfon nan, don ni na taɓa ɗaure masa wata jar waya da hannuna. Ya kai ta garejin surukinsa. Ran da za a karɓa ina Gusau, na ce bari in biyo shi ya sauke ni gida. Dije ma tana nan da jakarta, za ta bi shi Tsafe sunan wata ƙawarta. Alhaji Bawa ya fito ya tarbe ni da hannu biyu, ya sa anka kawo mani lemo mai sanyi. Ya ce, "An sa sabo, Malam, sai dai fatan alheri." Ban ce ina tsohon ba. Yaya zan ce?

Dije ta buɗe ƙofa za ta shiga, sai ubanta ya ce, "Ke, sauko. Ki bari gobe a kai ki da motar gida." Ta ce, "Baba, sunan gobe da safe ne fa." Ya ce, "Na ce ki sauko." Ta sauko tana kumbure-kumbure. Ina tsaye, lemonsa a hannuna. Na ji wani abu ya taɓa mani zuciya, na ce a raina, uba da 'yarsa, ina ruwana.

Munka biya tasha ya cika fasinja, munka bi ayarin motocin la'asar, don ka san ba mai bin hanyar nan shi kaɗai. Ina gaba, kusa da shi. Muna hango duwatsun garinmu motar ta yi shaƙuwa. Sau ɗaya, ƙarama, fasinja ba wanda ya lura. Ni na ji. Shi ma ya ji, don na ga ya ɗan dube ni ta gefen ido. Da wani direba ne, da na ce masa tsaya nan, sauke mutane, ba inda za ka. Amma ɗan fari ne, kuma aikin surukinsa ne, ga mutane cike da mota. In buɗe baki in ce surukinka ya yi maka ƙarya? Da munka iso garinmu ya tsaya a bakin hanya, na sauka. Ya ce, "Sai na dawo, Baba." Na ɗaga masa hannu ban ko dube shi sosai ba.

Kafin Tsafe motar ta mutu. Ayari ya wuce, ba wanda ke tsayawa a wurin, kuma ban ga laifinsu ba. Mutanen daji sunka fito bisa babura. Wata tsohuwa cikin fasinjojin da anka sako daga baya ta zo har gidan nan ta ba ni labari. Ta ce sun sa masa bindiga sun ce ya tayar da motar ya shiga da ita daji. Ya yi ta murza makulli, tana kuka ba ta kamawa. Sunka ce da gangan yake yi. Nan bakin hanya sunka bar shi.

Bayan an share makoki anka jawo motar. Ban bari kowa ya taɓa ta ba. Na ɗaga kujerar baya da kaina na buɗe tanki. Jar wayata na nan, Sanusi. An wanke famfon tas, har yana ƙyalli.

Na sa shi a buhu na tafi Gusau wurin Alhaji Bawa. Ran nan ban durƙusa ba. Na zazzage masa a kan tebur. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Sabon bai iso daga Kano ba. Yara sunka wanke wanga, munka ce shi kai shi Tsafe shi dawo, in ya so a sa sabon. Malam, ƙaddara ta riga." Na ce, "Mi ya sa ka sauke Dije?" Ya ce, "Juna biyu gare ta, hanyar ba ta da kyau." Ya yi kuka, da hawaye, na gani.

Gaskiya ne tana da ciki, ga yaron nan yana gudu a gidansa. Innarka ta ce in bar zargi. Liman ya ce in bar zargi. Kowa ya ce mutumin kirki ne, yana riƙe da maraya, yanzu ga shi ya ba ƙanin mamaci mota. Na yarda da ƙaddara, ni Musulmi ne. Amma hannun mutum ne ya mayar da tsohon famfo cikin tanki, kuma bakin mutum ne ya ce mani sabo ne. Ban ce mugu ba ne. Da mugu ne da abin ya zo da sauƙi, da kowa ya guje shi. Mutum ne mai son a rabu lafiya, mai jin nauyin ya ce maka ba a gama ba, ka dawo gobe. Irinsu sun fi yawa a garejin manya, kuma su ke ba ka lemo. Su yafe masa in sun ga dama. Ni ban kai nan ba tukuna.

Akwai wanda ya zo ta'aziyya ban zata ba. Sale. Ya tsufa, ya rame, ya zo bisa wani tsohon babur. Ya yi addu'a tare da mutane, da zai tashi ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Ummaru, da ka kawo ta wurina." Wa ke faɗin haka a zaman makoki? Ban ba shi hannu ba. Na ƙara wannan a kan na da. Ba ranar da maganar nan ba ta dawo mani, kuma ba ranar da ba na jin haushinsa.

To ga abin da nake so da kai, kuma ba shawara ba ce.

In ka karɓi makulli, kada ka shiga tasha. Kada ka ɗauki ko mutum ɗaya, ko da 'yan kamasho na kiranka ango. Ka juya ka kama hanyar Bungudu. Na bincika, yana nan ƙarƙashin darbejiyarsa, idonsa ya rage amma kunnensa lafiya lau. Ka ba shi motar ya bi ta daga gaba har baya. In ya ce ta kwana, ta kwana. In ya ce sati, sati. In ya zare makulli ya sa aljihu, ka nemi inuwa ka zauna. Ba za ka ɗauki lodi ba sai ya watsa maka tsofaffin kaya a but, ya buɗe ƙofar gaba ya zauna ya ce ja mu tai.

Alhaji Bawa zai ji, kuma zai ce ka karya sharaɗi. Ka ce masa ni na sa ka, ya san dalili. In ya karɓe motarsa, ka dawo gida, tuwon da muke ci zai ishe mu. In ya bar maka ita, duk ran da garejinsa sunka taɓa ta, ka tsaya a kansu har su gama. Ka karɓi abin da sunka cire a hannunka, ka juya shi ka duba. Sannan ka ce babban bakanikensu ya shiga gaba ku zo Kwatarkwashi ku koma. In ya ce aiki ya yi masa yawa, kai ma aiki ya yi maka yawa, ka ajiye makulli. Za su ce ba ka da kunya, za su ce tarbiyyar Ummaru ce. Ka bar su su ce. Ka gaida surukai a durƙushe a zaurensu, wannan haƙƙinsu ne. A bakin bonet ka miƙe tsaye.

Kuma in kana tafe ka ji ta yi shaƙuwa, ko sau ɗaya, ko ƙarama, ka tsaya a gari na farko mai mutane ka sauke fasinja. Su zage ka. Na sha zagin masu dawa, ga ni da raina.

In ka isa wurin Sale zai tambaye ka ɗan wa ne kai. Na yi tunanin in ce ka ɓoye, na fasa. Zai zage ni, zai ce har yanzu tsohon nan na taka kuloci? Kada ka tanka, kada ka kare ni. Ban ce ka gaishe shi a madadina ba, kuma ban ce ka ba shi haƙuri ba, rantsuwata ni ta shafa, ba kai ba. Ka dai ce masa Ummaru na Kwatarkwashi ne ya ce a kawo ta wurinka. Zai gane.

Ka ce masa kai ne ƙanin Lawali.

Rabi ta ɗago kai tana kallona, don tunda anka haife ta ba ta taɓa jin sunan a bakina ba. Na ce ta rubuta yadda na faɗa. Ran nan a bakin hanya ya kamata in kira shi, in ce kashe motar nan ka sauko.

Hanyarka ta ƙofar garinmu take bi. Ba na son ka tsaya, kada ka rabu da ayari saboda ni. In ka zo daidai duwatsu ka danna ham, ina zaure, zan ji. Injin ma zan ji, kuma wanga karo in na ji abin da ban yarda da shi ba, tsakiyar titi zan fito in tsaya.

Allah Ya tsare ka a hawa da gangara, Ya makantar da mutanen daji daga gare ka, Ya haɗa ka da masu gaya maka gaskiya ko da ba daɗi. Allah Ya jiƙan yayanka, Ya sa kai za ka binne ni. Amin.

Wassalam.

Babanka,
Ummaru Direba